K2-18b: Duniyar da ta raba kan masana sararin samaniya

K2-18b wata duniya ce da ke kewaya wani ɗan ƙaramin jan tauraro, wanda nisansa daga duniyar bil'adama ya kai tafiyar haske ta shekara 124. Ta ninka duniyar bil'adama faɗi sau biyu da rabi da 'yan kai, a nauyi kuwa ta ninka ta fiye da sau takwas. Babu wanda ya taɓa ganinta, ko da a hoto ne. Duk da haka, daga 2019 zuwa 2025 sau uku sunanta yana shiga kanun labarai a faɗin duniya, kuma a kowane karo batun bai sauya ba: ko akwai ruwa a kanta, kuma ko akwai wani abu mai rai a cikin ruwan.

Masana sararin samaniya suna sanya ta cikin rukunin duniyoyin da suke kira ƙananan Naftun, wato waɗanda suka fi duniyar bil'adama girma amma ba su kai duniyar Naftun ba. Irin waɗannan suna daga cikin mafiya yawa da aka gano kawo yanzu, to sai dai babu ko ɗaya irinsu a cikin duniyoyi takwas da ke kewaya rana. Wannan ne ya sa gardamar K2-18b take da wuyar yankewa, domin babu wata 'yar'uwarta a kusa da za a aika kumbo ya dubo a kwatanta.

Inda take

Tauraron da take kewayawa, mai suna K2-18, yana ɓangaren sama da ake kira burujin Zaki, wanda malaman falaki na da suka sani da suna Asad. Ido ba ya ganinsa sai da madubin hangen nesa. Faɗinsa bai kai rabin na rana ba, haskensa bai kai kashi uku cikin ɗari na hasken rana ba, zafin fuskarsa kuma kimanin digiri 3,200 ne a ma'aunin Salshiyos, alhali na rana ya kai 5,500. Ƙarancin zafin nan shi ya sa launinsa ya karkata zuwa ja.

Shekarar haske ita ce tazarar da haske ke ci a cikin shekara guda, kimanin kilomita tiriliyan tara da rabi. Kumbon Voyager 1, wanda Amurka ta harba a 1977 kuma yake gudun kilomita 17 a kowace daƙiƙa, sai ya shafe fiye da shekara miliyan biyu kafin ya ci nisan da ke tsakanin rana da K2-18. Hasken tauraron da na'urori suka kama a 2025 ya baro can ne tun wajajen 1901, kafin jirgin sama na farko ya tashi.

Ita dai K2-18b tana kammala zagaye guda cikin kwana 33, wato shekararta ke nan. Tazarar da ke tsakaninta da tauraronta ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na tazarar duniyar bil'adama da rana ba. Da a ce rana take kewayawa a wannan kusanci, da tuni ta gasu. Amma mai jin ɗumi a gaban ƙaramar wuta dole ya matso, kuma lissafi ya nuna cewa hasken da ke isa gare ta ya yi kusan daidai da wanda duniyar bil'adama ke samu daga rana.

Saboda haka ne ake cewa tana cikin yankin da ruwa ke iya zama ruwa, bai daskare ba bai kuma ƙafe ba. Kafafen yaɗa labarai kan fassara wannan da "yankin da ake iya rayuwa", fassarar da ke ruɗar mutane. Ma'aunin yana duba yawan haske ne kurum. Wata ma yana cikin wannan yanki tare da duniyar bil'adama, amma babu ko tafki a kansa.

Yadda aka gano ta

An gano K2-18b ne da wata na'ura da aka riga aka fara fid da tsammani a kanta. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba madubin Kepler a watan Maris na 2009 domin ya zura ido a kan taurari fiye da dubu 150, yana jiran ya ga hasken ɗayansu ya ɗan dushe a lokacin da wata duniya ta gifta ta gabansa. A watan Mayu na 2013 na biyu daga cikin ƙafafun juyi huɗu da ke daidaita masa saiti ya lalace. Injiniyoyi suka yi dabarar amfani da ɗan turin da hasken rana ke yi wa jikin kumbon a madadin abin da ya lalace, aka ci gaba da aiki a 2014 da sabon suna, K2.

A nan sunan duniyar ya samo asali. K2 sunan shirin ne, 18 lambar tauraron ce a jerin waɗanda shirin ya tabbatar suna da duniyoyi, harafin b kuwa ana ba da shi ga duniyar farko da aka gano a kewayen kowane tauraro. An ba da sanarwar gano ta a 2015.

Abin da Kepler ya gani bai taka kara ya karya ba. Hasken tauraron yakan ragu da kimanin kashi uku cikin dubu na tsawon kusan sa'o'i uku, sannan ya koma yadda yake. Daga yawan raguwar aka lissafa faɗin duniyar, daga tazarar da ke tsakanin raguwa da raguwa kuma aka san tsawon shekararta. Nauyinta ya buƙaci wata hanya dabam. Kamar yadda tauraro ke jan duniya, haka ita ma take ɗan jansa, sai ya riƙa rangaji gaba da baya. Na'urar HARPS da ke La Silla a ƙasar Chile da na'urar CARMENES da ke Sifaniya suka auna wannan rangaji, aka samu cewa nauyinta ya ninka na duniyar bil'adama kimanin sau 8.6. A 2017 masu wannan awo sun kuma ba da sanarwar alamar wata duniya ta biyu, K2-18c, mai zagaye cikin kwana tara.

Ƙaramar Naftun

Idan aka haɗa faɗi da nauyi, sai wani abu ya fito fili. Cikin K2-18b zai ɗauki duniyar bil'adama kusan 18, amma nauyinta bai kai na guda tara ba. Ma'ana, kayan da aka gina ta da su sun kai rabin nauyin na duniyar bil'adama ne kawai idan aka auna su da mudu ɗaya. Dutse da ƙarfe zalla ba za su ba da wannan sakamako ba. Dole akwai wani abu marar nauyi mai yawa a jikinta, ko ruwa, ko iska mai kauri, ko duka biyun. Ba ta kuma kai Naftun sakayau ba, wadda ta ninka duniyar bil'adama faɗi kusan sau huɗu, nauyi sau 17, kuma babu ƙasar takawa a cikinta.

Kafin Kepler, masana ba su zaci za a samu irin wannan matsakaicin girma da yawa ba. An gano duniyar farko da ke kewaya tauraro irin rana a 1995, aikin Michel Mayor da Didier Queloz na ƙasar Suwizalan, wanda ya ba su kyautar Nobel a 2019. Waɗanda aka riƙa ganowa a shekarun farko ƙatti ne irin Mushtari, saboda su ne masu sauƙin kamawa. Da na'urori suka ƙara kaifi sai lamarin ya juye. A watan Satumba na 2025 adadin duniyoyin da NASA ta tabbatar a wajen iyalin rana ya haura dubu shida, kuma kaso mai tsoka daga ciki masu girma ne tsakanin duniyar bil'adama da Naftun.

A 2017 wani ayari ƙarƙashin jagorancin Benjamin Fulton ya sake auna duniyoyin Kepler kimanin dubu biyu, ya gano cewa waɗannan matsakaita sun rabu gida biyu. Akwai masu faɗin da bai wuce ɗaya da rabi na duniyar bil'adama ba, waɗanda galibi dutse ne. Akwai kuma masu faɗin biyu zuwa huɗu, waɗanda su ne ƙananan Naftun. A tsakanin ɗaya da rabi zuwa biyu kuwa ba a cika samun kowa ba. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne, dukansu sun faro ne da bargon iskar haidirojin, sai zafin tauraro ko zafin cikin duniyar ya kwashe wa marasa nauyi nasu bargon, suka koma tsurar dutse, masu nauyi kuma suka riƙe nasu. Wasu masana suna ganin da yawa daga cikin na gida na biyun ruwa ne ya kumbura su. K2-18b, mai faɗin 2.6, tana gida na biyu, kuma wannan saɓani na gaba ɗaya shi ne ya sauko kanta.

Ba ita ce ƙaramar Naftun ta farko da aka yi wa taron dangi ba. A 2009 aka gano GJ 1214 b, mai nisan shekarar haske 48, kuma masana sun shafe fiye da shekara goma suna ƙoƙarin sanin abin da ke cikin iskarta ba tare da nasara ba, saboda hazo mai kauri ya lulluɓe ta. A 2023 Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta raɗa mata suna Enaiposha, daga harshen Masai, bisa shawarar wani ayari daga Kenya. K2-18b ta fi ta sanyi nesa ba kusa ba, kuma saman iskarta bai toshe haka ba, abin da ya mayar da ita abar nema.

Yadda ake karanta iska daga nesa

A duk lokacin da duniyar ta gifta gaban tauraronta, wani ɗan kaɗan daga cikin hasken yakan ratsa ta gefen iskarta kafin ya kamo hanya. Kowane sinadari yana da launukan da yake haɗiyewa, tamkar zanen yatsa. Idan aka warware hasken zuwa launuka kamar bakan gizo, aka ga wane launi ne ya fi raguwa, ana iya hasashen sinadaran da hasken ya ratsa. Mafi yawan aikin ana yin sa ne a cikin hasken da ke gaba da ja, wanda idon ɗan Adam ba ya gani.

Faɗar haka ya fi yin sa sauƙi. Duniyar baki ɗayanta kashi uku cikin dubu na hasken take tarewa, bambancin da iskarta ke haifarwa kuma ɗan kaso ne na wannan, kimanin ɗaya cikin dubu goma. Na'urar da kanta tana da nata kurakurai, tauraron ma yana da tabo da ke sauya haskensa. Bugu da ƙari, sinadarai da dama suna haɗiye launuka masu maƙwabtaka. Abin da masani ke samu a ƙarshe 'yan ɗigogi ne a kan jadawali, kowanne da iyakar kuskurensa, sai kwamfuta ta gwada dubban haɗe-haɗen iska ta ga wanne ya fi dacewa da ɗigogin. Kwamfutar kuwa ba ta iya zaɓar sinadarin da ba a sa mata a jerin gwaji ba. Kusan duk rigimar da ta biyo baya daga nan ta taso.

Tururin ruwa na 2019

A watan Satumba na 2019 ayari biyu, ɗaya na Angelos Tsiaras a jami'ar UCL da ke Landan, ɗaya kuma na Björn Benneke a jami'ar Montreal da ke Kanada, suka ba da sanarwar ganin tururin ruwa a iskar K2-18b, bisa bayanan madubin Hubble. Labarin ya karaɗe duniya a matsayin karo na farko da aka ga ruwa a wata ƙaramar duniya da ke yankin da ruwa ke iya zama ruwa.

Ba a jima ba wasu masana a Faransa suka ja hankali cewa a ɗan zangon launukan da Hubble ke gani, iskar metan tana barin alama mai kama da ta ruwa. Ba a iya raba gardamar ba sai da madubin James Webb ya fara aiki. An harba shi ranar 25 ga Disamba, 2021, yana da madubi mai faɗin mita 6.5, idan aka kwatanta da mita 2.4 na Hubble, kuma yana ganin zangon launuka mai faɗi sosai. Ya kalli K2-18b sau biyu a 2023, kuma a watan Satumba na shekarar ayarin Farfesa Nikku Madhusudhan na jami'ar Kambirij ya fitar da sakamako: iskar haidirojin ce mafi rinjaye, akwai metan kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, akwai kabon dayoksaid kwatankwacin haka. Tururin ruwan da aka yi ta shela a kansa bai bayyana ba. Alamu sun nuna metan Hubble ya gani.

Rashin ganin tururin ba ya nufin babu ruwa. Idan saman iskar yana da sanyi sosai, tururin zai zama gajimare ya koma ƙasa kafin ya kai inda na'ura ke iya gani.

Teku, narkakken dutse, ko iska zalla

Wani abin da ba a gani ba ya fi abin da aka gani tayar da ƙura, wato amoniya. A duniya mai kaurin iskar haidirojin da irin wannan yanayi, ana sa ran samun amoniya da yawa. Babu alamarta a K2-18b. Ina ta shiga?

Amsar Farfesa Madhusudhan ita ce teku ya shanye ta, domin amoniya tana narkewa cikin ruwa nan da nan. Tun a 2021 shi da abokan aikinsa suka gabatar da hasashen wani rukuni na duniyoyi da suka kira Haishiyan, sunan da suka haɗa daga kalmomin haidirojin da teku a Turance. A wannan hasashe, ruwa ya mamaye duniyar baki ɗaya babu tudu ko kaɗan, zurfinsa na iya kai ɗaruruwan kilomita, a samansa kuma akwai siririn bargon haidirojin. Tekun duniyar bil'adama, a inda ya fi zurfi, kilomita 11 ne.

A 2024 wani masanin na Kambirij ɗin, Oliver Shorttle, da abokansa suka nuna cewa narkakken dutse ma yana shanye sinadarin naitirojin da ake haɗa amoniya da shi. A nasu lissafin, ƙarƙashin iska mai tsananin kauri akwai tekun dutse mai tafasa da zafin dubban digiri. A shekarar dai, Nicholas Wogan na cibiyar Ames ta NASA da ayarinsa suka ce ana iya bayanin metan da kabon dayoksaid ɗin da duniya mai iska zalla, wadda ke ƙara kauri da zafi har zuwa can ciki ba tare da wata fuska ba, kamar dai Naftun.

Hasashen teku yana da wata matsala ta zafi. Haidirojin yana riƙe ɗumi ƙwarai, kuma lissafe-lissafe da dama sun nuna cewa sai da gajimare mai mayar da kaso babba na hasken tauraron ne tekun zai tsira daga tafasa. Idan zafin ruwa ya haura digiri 374 a ƙarƙashin matsi mai tsanani, yakan shiga wani hali da ba a bambance ruwa da tururi, kuma babu wata halitta da aka sani da ke rayuwa a cikinsa. Duniya na iya kasancewa rabinta ruwa ce, amma babu teku a kanta.

Sanarwar Afrilu 2025

A cikin sakamakon 2023 akwai wata 'yar alama mai rauni ta sinadarin dimetil salfaid, wanda ake taƙaitawa DMS. Sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, shi ne ke ba bakin teku ƙamshinsa, yana kuma cikin warin dafaffen kabeji. A duniyar bil'adama kusan dukkansa yana fitowa ne daga halittu, musamman ƙananan tsirran teku da ido ba ya gani. Saboda haka masana sun daɗe da sanya shi cikin jerin iskokin da za su iya zama alamar rai.

A watan Afrilu na 2024 Webb ya sake kallon duniyar da wata na'urarsa mai suna MIRI, wadda ke ganin wani zangon launuka dabam. Bayan shekara guda, a tsakiyar Afrilu na 2025, ayarin Kambirij ya sanar da cewa ya ga alamar DMS, ko ɗan'uwansa DMDS, ko duka biyun, da yawan da ya ninka na iskar duniyar bil'adama sau dubbai. Farfesa Madhusudhan ya bayyana hakan a matsayin alama mafi ƙarfi da aka taɓa samu ta yiwuwar rai a wajen iyalin rana, ko da yake ya jaddada cewa ba a kai ga tabbaci ba tukuna.

Ƙarfin shaidar, a ma'aunin masu ƙididdiga, sigma uku ne. Wannan yana nufin cewa irin wannan alama za ta iya fitowa bisa tsautsayi kimanin sau uku cikin dubu. Ga mai sauraro wannan kamar an gama magana ne. Amma a kimiyya ba a cika kiran abu ganowa ba sai ya kai sigma biyar, inda yiwuwar tsautsayin ba ta kai ɗaya cikin miliyan ba. Haka kuma lissafin ya dogara ne a kan cewa an yi wa na'urar gyaran da ya dace kuma jerin sinadaran da aka gwada ya wadatar. Dukkan wannan shela an gina ta ne a kan giftawa ɗaya tak.

Martanin sauran masana

Bayanan Webb na wannan bincike a buɗe suke ga kowa, don haka martani bai ɗauki lokaci ba. Cikin 'yan kwanaki Jake Taylor na jami'ar Okusfod ya nuna cewa miƙaƙƙen layi, wato babu alamar komai, ya dace da ɗigogin MIRI kusan kamar yadda DMS ya dace. Luis Welbanks na jami'ar jihar Arizona da abokansa suka faɗaɗa jerin gwajin zuwa sinadarai kimanin 90, suka ga da dama daga ciki sun dace da bayanan, har da waɗanda ba su da wata alaƙa da rai. Ayarin Rafael Luque na jami'ar Chicago ya haɗa bayanan na'urorin Webb uku wuri guda, ya ce bai ga isasshiyar shaida ba. Shi ma ayarin Kambirij ya sake gwaji da sinadarai 650, inda DMS ya kasance cikin 'yan kaɗan da suka fi dacewa, amma ba shi kaɗai ba.

Akwai kuma tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko nauyi. Ko da an tabbatar da DMS, shin dole sai da rai yake samuwa? A 2024 masu bincike a jami'ar Bern ta Suwizalan suka gano shi a bayanan da kumbon Rosetta na Turai ya tattaro daga tauraro mai wutsiya 67P, wanda dunƙulen ƙanƙara da ƙura ne marar rai. A shekarar kuma wani gwaji a jami'ar Colorado ya samar da shi a ɗakin bincike ta hanyar haska wa cakuɗen iskoki haske mai ƙarfi. A 2025 aka ba da rahoton ganinsa a cikin wani gajimaren iska da ke tsakanin taurari. Magoya bayan hasashen rai suna amsa cewa waɗannan hanyoyi ɗan kaɗan suke samarwa, kuma DMS yana saurin lalacewa a haske, don haka tarinsa da yawa yana buƙatar abin da ke sabunta shi kullum. Hujja ce mai ma'ana, amma ta dogara a kan yawan da shi kansa ba a tabbatar ba.

A watan Yuli na 2025 wani babban ayari ƙarƙashin Renyu Hu na cibiyar JPL ta NASA, wanda Farfesa Madhusudhan ma yana ciki, ya fitar da nazarin sababbin giftawa huɗu. Sun tabbatar da metan da kabon dayoksaid, sun kuma ce haɗin iskar yana nuna cewa cikin duniyar yana da ruwa mai yawa. Amma sun ce bayanan ba su raba tsakanin teku na gaske da iska mai kauri cike da tururi ba. Alamar DMS kuwa ba ta kai sigma uku ba, kuma lissafinsu ya nuna cewa hasken tauraro kaɗai na iya haɗa shi a irin wannan iska.

Ba wannan ne karo na farko da irin wannan shela ta yi sanyi ba. A watan Agusta na 1996 masanan NASA sun ce sun ga abin da ya yi kama da burbushin ƙwayoyin halitta a wani dutse da ya faɗo daga duniyar Mas, har Shugaba Bill Clinton ya yi jawabi a kai, daga baya aka nuna cewa ana iya samun alamun ba tare da rai ba. A Satumba na 2020 ayarin Jane Greaves na jami'ar Kadif ya sanar da ganin iskar fosfin a gajimaren Zuhura, wadda Hausawa ke kira Zara, kuma sake nazarin bayanan ya rage ƙarfin alamar matuƙa. Waɗannan biyu maƙwabta ne da kumbo ke iya kaiwa gare su. K2-18b ba ta cikin wannan sahu.

Abin da ya rage

Hayaniyar DMS ta kusa rufe abin da aka cim ma a zahiri. K2-18b ita ce duniya ta farko a yankin da ruwa ke iya zama ruwa da aka auna sinadarai masu ɗauke da kabon a iskarta, kuma metan ɗinta babu mai jayayya a kansa. A 2024 Webb ya ga metan da kabon dayoksaid da alamar ruwa a wata ƙaramar Naftun mai suna TOI-270 d, wadda ta fi K2-18b zafi, kuma a can ma ayari biyu sun saɓa a kan ko akwai teku. Da yawan irin waɗannan da aka auna ne za a gane ko rashin amoniya ɗabi'ar rukunin ce gaba ɗaya ko kuwa wani abu ne na musamman ga K2-18b.

Hukumar sararin samaniya ta Turai tana shirya kumbon Ariel domin nazarin iskar duniyoyi kimanin dubu, ana kuma gina wani madubi mai faɗin mita 39 a hamadar Atakama ta ƙasar Chile. Kafin su fara aiki, Webb ne ke ɗauke da nauyin. K2-18b tana gifta gaban tauraronta sau 11 a shekara, amma Webb ba ya iya juyawa wajen burujin Zaki sai a wasu 'yan watanni, saboda dole garkuwarsa ta kasance tsakaninsa da rana. Giftawar da ake iya kamawa a shekara 'yan kaɗan ne, kuma kowace sa'a ta madubin sai an yi takara a kanta, domin buƙatun da masana ke miƙawa duk shekara sun ninka lokacin da ake da shi sau da yawa.